Kuɗin Albasa a Bisa Rimorki

Mu goma sha tara muka haɗa kuɗinta,
rani uku na albasa,
jikka bisa jikka cikin gwangwanin madara.
Ga ta yau a bakin tashar Tawa:
ja, gajeruwa, ba ta ɗara maraƙi ba,
ko ledar kujerarta ba a yage ba.

Nomau direba ya kewaye ta sau biyu, bai tanka ba.
Ya durƙusa ya latsa tayoyin rimorki,
ya sa aka ƙara wa na hagu iska.
Ya jingina katako biyu, ya ce a janye yara.
Ta hau a giyar fari, tana tari kamar mai jin kunya.
"Matso. Kaɗan. Ya isa."
Nauyi, in ji shi, gaba yake zama da taki ɗaya.
In ya koma baya, wutsiya ta kama rawa a kwalta,
rawar da babu makaɗin da zai tsayar.

Na miƙa masa igiyar da na zo da ita daga gida.
Ya auna ta a hannu, ya mayar mini:
"Wannan ta guga ce, bar wa rijiya abinta."
Ɗamara huɗu ya fiddo, kusurwa huɗu,
ƙugiya a ƙashin ƙarfe, ba a sitiyari ba,
ya ja har kowace ta yi kukan tsarkiya.
Guntun kirya gaban taya, guntun kirya baya.
Sarƙa biyu a gicciye ƙarƙashin mahaɗa.
Yaronsa Bizo na can baya yana duban fitilu:
"Ta dama ta kama! Ta hagu tana barci!"
Aka tashe ta.

A ofishin asiransi, Madam Tsahara ta gyara tabarau.
"Takardar Nomau ta motarsa ce,
da wanda motar ta taɓa.
Abin da ke bisa rimorki maraya ne
sai an rubuta sunansa."
Ta ce in kawo lambar da ke jikin inji.
Na fita cikin ranar azahar, na rubuto a tafin hannu,
kafin in dawo gumi ya cinye biyu.
Na sake komawa.

Baba Arzika yana jirana a gindin bedi.
"Ashe tsoro kas sayo muna da kuɗin taki?
Ina Allah?"
Na ce yana nan, Baba.
Da tawa ce ni kaɗai, da na yi shiru.
Amma akwai awakin Habsu biyu a cikin injin nan,
akwai kwanon rufin ɗakin Illa da bai saya ba.
In ta faɗi, da wane baki?

Ba mu yi nisa ba Nomau ya tsaya.
Ɗamara, in ji shi, kamar alkawari take:
sai ta ji hanya ake sanin ta saki.
Ta baya ta saki. Ya ƙara mata uku.

A gangaren duwatsu, kafin Tamaske,
saniya ta fito daga inda babu saniya.
Birki.
Goshina ya gaisa da gilashi,
goron Baba ya watse ƙarƙashin kujera.
Ba wanda ya so ya fara waiwayawa.
Bizo ne ya sauka.
Tana nan tsaye inda aka bar ta,
ko faɗin yatsa ba ta gusa ba.

Da magariba muka sauke ta a bakin fadama,
mata suna shafa ta, yara suna shinshinar taya.
Baba ya matso, yana tauna abin da ya tsinto.
"To, ina ribar takardar taka?"
Na ce babu.
Na ninke ta huɗu,
na sa a gwangwanin madara,
tun da yanzu akwai wuri.